Billy Gilmour bai faɗi ba don ya bar Chelsea

Akwai wata magana da take ci mini tuwo a ƙwarya a gidajen kallon ƙwallo, kuma daga bakin magoya bayan Chelsea ta fi fitowa. Da an hasko Billy Gilmour cikin rigar Napoli, sai ka ji wani daga bencin baya ya ce, "Kai, wannan ba yaron nan namu ba ne da muka sallama? Ashe yana nan." Wani ya karɓe, "Ai Firimiya ce ta fi ƙarfinsa, shi ya sa ya gudu Italiya." A yi dariya a wuce wurin.

Yaron da ake wa wannan dariyar ya ɗaga kofin Serie A a watan Mayun 2025 yana ɗan shekara 23, kuma da shi aka fara wasan da aka ci kofin.

Ra'ayina shi ne barin Chelsea da Gilmour ya yi a 2022 shi ne mafi kyawun shawarar da ya yanke tun da ya fara taka leda, barin Ingila ɗungurungum a 2024 kuma shi ne na biyu. Abin da ke gina matashin ɗan wasa shi ne ya riƙa buga wasa mako bayan mako a hannun kocin da ya san amfanin irinsa. Mutane sukan riƙe batun buga wasan, su manta da batun kocin, alhali kuwa a labarin Gilmour shi ne ya fi nauyi.

An haife shi a watan Yunin 2001, ya tashi a Ardrossan, wani ƙaramin gari a bakin teku a yammacin Sikotilan. Rangers ta birnin Glasgow ce ta raine shi tun yana ɗan firamare. A 2017, yana cika shekara 16, Chelsea ta ɗauke shi a kan kuɗin da aka ce sun kai fam dubu 500.

"Ai Chelsea ce ta yi shi"

Wannan ce hujjar farko da ake kawowa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Makarantar horon matasa ta Chelsea da ke Cobham tana cikin waɗanda suka fi kyau a Turai. Daga can Mason Mount da Reece James suka fito. Rangers kuwa a lokacin ba ta daɗe da dawowa babbar gasar ƙasarta ba, bayan durƙushewar da ta yi a 2012. Ban ga laifin yaron da ya tafi neman ilimi inda ya fi ba.

Amma a tuna yadda aka yi ƙofa ta buɗe masa. A 2019 hukumar FIFA ta haramta wa Chelsea sayen 'yan wasa, dole ta sa kocinta Frank Lampard ya juyo kan yaran gida. A nan ne Gilmour ya samu shiga. Ranar 3 ga Maris 2020, a kofin FA, aka fara da shi a karawa da Liverpool, wadda a lokacin ta ba ta biyu a tebur tazarar maki sama da 20. Yaro ɗan shekara 18, gajere, ba jiki, ya riƙe tsakiyar fili, har ya zura wa Fabinho ƙwallo ta tsakanin ƙafafu ya wuce. Chelsea ta ci 2-0, aka ba shi gwarzon wasa. Bayan kwana biyar ya maimaita a kan Everton, aka tashi 4-0.

Sai korona ta tsayar da wasanni. Da aka dawo, gwiwarsa ta samu matsala, aka yi masa tiyata. Kafin ya gama komawa daidai an kori Lampard a Janairun 2021, Thomas Tuchel ya karɓa, ga Jorginho, ga N'Golo Kanté, ga Mateo Kovačić, duk a gabansa. Lambar yabo ta kofin zakarun Turai da ya samu a birnin Porto a watan Mayun 2021, daga benci ya same ta. Bai taɓa ƙwallo ba a wasan ƙarshen.

Yaron da aka kai koyon aiki babban gareji, ya shekara uku yana miƙa wa maigida sifana, zai iya faɗin sunan garejin da alfahari a ko'ina. Amma ranar da aka ajiye masa mota aka ce ya sauke inji, yaron ƙaramin garejin bayan layi da ya saba kwancewa da ɗaurewa da hannunsa zai riga shi gamawa. Gilmour ya kai matakin da kallon manya ba zai ƙara masa komai ba, kuma ba alamar za a miƙa masa aikin.

Masu cewa da ya yi haƙuri lokacinsa zai zo, su dubi abin da Chelsea ta yi bayan tafiyarsa. A Janairun 2023 ta sayi Enzo Fernández a kan sama da fam miliyan 100. A Agustan shekarar ta sayi Moisés Caicedo, shi ma sama da miliyan 100, ta ƙara da Roméo Lavia. Dukkansu a wurin da Gilmour yake bugawa suke. Ƙungiyar da ta zuba irin wannan kuɗi ba za ta ajiye su a benci don yaron fam dubu 500 ba. Akwai kuma lissafin da 'yan kallo ba su cika kula da shi ba: a ƙarƙashin dokokin kashe kuɗi na Firimiya, duk abin da ƙungiya ta samu daga sayar da yaron da ta raina, riba ce kusan zalla a littafinta. Shi ya sa yaran gida ne ake fara kaiwa kasuwa. Mount ya tafi Manchester United a 2023, Conor Gallagher ya tafi Atlético Madrid a 2024, kuma duk sun fi Gilmour kafuwa a ƙungiyar.

"To a Norwich ai ya buga, me ya tsinana?"

Wannan tambayar ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. A kakar 2021 zuwa 2022 Chelsea ta ba da shi aro ga Norwich. Ya samu wasa, amma kakar ta yi muni. Norwich ta ƙare a ƙarshen tebur da maki 22. Har a wani wasa a gidan Crystal Palace, wasu magoya bayan Norwich ɗin da kansu suka riƙa rera masa waƙar ya koma Chelsea, cikin zagi. Yana da shekara 20.

Wannan kakar ce ta sa na ce wasa kaɗai bai isa ba. Daniel Farke, kocin da ya nemo shi, mai son a riƙe ƙwallo a ƙasa ne, amma an kore shi tun watan Nuwamba, aka kawo Dean Smith don ya ceci ƙungiyar daga faɗuwa. Ƙungiyar da ke neman tsira ba ta da ƙwallo a ƙafarta mafi yawan lokaci. Abin da take nema a tsakiya shi ne ƙarti masu gudu da tare hanya da tsalle. Ka ɗauki ɗan wasan da duk baiwarsa a karɓar ƙwallo da rarraba ta take, ka sa shi inda ƙwallon ke wucewa ta saman kansa, sannan ka ce bai iya ba. Laifin yana kan waɗanda suka zaɓa masa wurin. Manyan ƙungiyoyi suna tura yara aro kamar suna sauke kaya, ba tare da sun tambayi abin da zai faru ba idan aka kori kocin da ya karɓe su.

A Brighton ma da ƙyar ya sha. An saye shi ranar 1 ga Satumban 2022 a kan kusan fam miliyan 9, saboda kocinta Graham Potter yana son sa. Mako guda bayan haka Potter ya tafi, kuma Chelsea ɗin ya koma. Roberto De Zerbi ya zo ya tarar da Caicedo da Alexis Mac Allister suna kan ganiyarsu, Gilmour ya yi watanni yana zaune. Bambancin wannan zama da na Chelsea shi ne a Brighton layin yana tafiya. Tsarin ƙungiyar shi ne ta raini ɗan wasa, ta sayar da tsada, na bayansa ya hau. A bazarar 2023 Mac Allister ya tafi Liverpool, Caicedo ya tafi Chelsea, tsakiyar fili ta koma hannun Gilmour da Pascal Gross.

De Zerbi kuma irin kocin da aka halicci Gilmour dominsa ne. Yakan sa masu tsaron baya su taka ƙwallo su tsaya, su jira abokan hamayya su taho da gudu, sannan a ba ɗan tsakiya ƙwallon alhali akwai mutum a bayansa, shi kuma ya karkatar da ita da taɓawa ɗaya zuwa inda aka bar fili. Aiki ne mai hatsari, kuskure ɗaya ya zama ci. Da wannan tsarin Brighton ta yi ta ɗaya a rukuninta na gasar Europa, a gaban Marseille da Ajax da AEK ta Athens, a karonta na farko a gasar Turai. Ɗan wasan da aka zaga a Norwich shi ne dai wannan, ƙafafunsa ba su canza ba.

"Ba ya cin ƙwallo"

Gaskiya ne, ba ya ci. Ƙwallayen da ya zura tun da ya fara babban wasa ba su kai goma ba. Wanda ya dogara da taƙaitaccen bidiyon minti uku a waya ba zai gan shi ba sam.

Amma in ka samu cikakken wasa, ka ɗauke idonka daga ƙwallon na ɗan lokaci ka ɗora a kansa. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ya waiga hagu, ya waiga dama, wani lokaci har sau uku. Ba ya tsayawa ya ba abokan hamayya baya gaba ɗaya, yakan karkace jiki ta yadda yana ganin mai ba shi da kuma wanda zai ba. Idan mai tsaron bayansu ya shiga matsi, shi ne zai matso kusa ya nuna ƙafa, yana neman ƙwallon da kowa ke gudu. Ya karɓa, ya bayar, ya matsa taku biyar, ya sake nema. Wannan shi ne aikin da ke sa ƙungiya ta numfasa.

Babu inda ake ganin darajar wannan aiki kamar a tawagar ƙasarsa. Sikotilan ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 5 da rabi. Tana da jarumai masu zuciya irin su Andy Robertson da John McGinn da Scott McTominay, amma an daɗe ana kukan ba ta da masu riƙe ƙwallo idan ta haɗu da manya. Har zuwa gasar Turai ta 2024 ba ta taɓa wuce matakin rukuni a wata babbar gasa ba.

Ranar 18 ga Yunin 2021, a karawa da Ingila a gasar Turai a Wembley, kocin Sikotilan Steve Clarke ya fara wasa da Gilmour a karon farko, mako guda bayan ya cika shekara 20. Ingila na da Declan Rice da Kalvin Phillips da Mount a tsakiya. Aka tashi canjaras ba ci, kuma shi aka ba gwarzon wasa. Bayan kwana uku gwaji ya nuna ya kamu da korona. Aka buga da Kuroshiya babu shi, Luka Modrić ya yi yadda ya ga dama, aka ci Sikotilan 3-1 ta koma gida.

Abin da har yau ban yafe wa Clarke ba shi ne wasan buɗe gasar Turai ta 2024 a birnin Munich. Ya ajiye Gilmour a benci a karawa da Jamus, ya zaɓi masu ƙarfi da gudu. Aka ci su 5-1. Ko ƙwallo ɗayan da suka samu, Antonio Rüdiger na Jamus ne ya ci gida. A ɗaya ɓangaren Toni Kroos ya ba da ƙwallo sama da sau 100, ɗaya kacal ya ɓata, kuma bai ci ko ɗaya ba. Wa ya fito ya ce Kroos bai yi komai ba a daren? Ba ina cewa da an sa Gilmour da an doke Jamus ba, musamman da aka ba Ryan Porteous na Sikotilan jan kati kafin hutun rabin lokaci. Ina cewa ƙungiyar da ta san za ta wahala wajen samun ƙwallo bai kamata ta ajiye mutumin da ya fi kowa iya adana ta ba. A wasa na gaba aka dawo da shi, aka yi 1-1 da Suwizalan, kowa ya ga bambanci.

Za a ce ai ba shi a fili ranar 18 ga Nuwamban 2025, lokacin da Sikotilan ta doke Denmark 4-2 a Hampden ta samu gurbin kofin duniya a karon farko tun 1998. Haka ne, rauni ya hana shi. Amma a dubi yadda aka ci wasan. McTominay ya ci da bugun alkafura, Kieran Tierney ya ci daga wajen yadi na 18 bayan cikar minti 90, Kenny McLean ya ci daga tsakiyar fili. Denmark kuwa ita ta riƙe ƙwallo mafi yawan lokaci, har bayan an kori mutum ɗaya daga cikinsu. Dare ne da za a daɗe ana tunawa, amma babu kocin da zai shiga gasa yana lissafin irin waɗannan ƙwallaye uku za su riƙa zuwa masa a kowane wasa.

"Italiya ai wurin hutawa ne"

Wannan maganar ba ta buƙatar dogon amsa. Inter ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2023 da 2025. Atalanta ta ci kofin Europa a 2024, Ademola Lookman ya zura uku rigis a ragar Leverkusen, shi da Everton da Fulham da Leicester duk suka gan shi suka bar shi ya wuce. Lokacin da Victor Osimhen ya ci wa Napoli ƙwallo 26 ta ɗauki kofi a 2023, babu wanda ya ce a cikinmu wai hutawa ya je yi.

Napoli ɗin da Gilmour ya tarar a ƙarshen Agustan 2024 ta ƙare ta 10 a kakar da ta gabata. Koci Antonio Conte ne ya nace a kawo shi tare da McTominay. Sun ci kofin da maki 82, Inter na da 81. A wasan ƙarshe da Cagliari, ranar 23 ga Mayu, McTominay da Romelu Lukaku suka ci, Gilmour kuma shi ne a gaban masu tsaron baya saboda Stanislav Lobotka, wanda ya saba riƙe wurin, na jinya. McTominay ne aka zaɓa gwarzon gasar, kuma ya cancanta. Amma ƙungiyar da ta ci kofi da tazarar maki ɗaya, da ba ta da wanda zai tsaya a gurbin Lobotka ba tare da an ji giɓi ba, da kofin ya tafi hannun Inter.

Yaran da ke biye da shi

Dalilin da ya sa wannan batu ya wuce labarin mutum ɗaya shi ne abin da ke faruwa da yaran Sikotilan yanzu. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ƙungiyoyin Ingila ba za su iya ɗauko yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga Faransa ko Sifaniya ba. Daga Sikotilan kuwa za su iya, tun yana 16. Sai idonsu ya koma can. Ben Doak ya bar Celtic zuwa Liverpool a 2022 yana ɗan shekara 16, kuma sai da ya je aro Middlesbrough sannan aka ga ainihin abin da zai iya. Calvin Ramsay ya bar Aberdeen zuwa Liverpool a shekarar, bayan ya yi kaka guda yana haskawa. Wasa biyu ya buga musu a kakarsa ta farko. Rauni ya taka rawa a lamarinsa, ba a musu, amma daga nan sai yawon aro, Preston, Bolton, Wigan, Kilmarnock.

Dubi kuma waɗanda suka bi ta wata hanyar. Aaron Hickey ya bar Hearts zuwa Bologna a 2020 yana ɗan shekara 18, ya yi kaka biyu yana bugawa, Brentford ta saye shi a kan kusan fam miliyan 14. Lewis Ferguson ya bar Aberdeen zuwa Bologna a 2022, ya zama kyaftin, ya ɗaga kofin Italiya a Mayun 2025, kofin farko da ƙungiyar ta ci tun 1974. Lennon Miller ya tsaya a Motherwell har ya ɗaura kambun kyaftin yana ɗan shekara 18, sannan ya tafi Udinese a 2025 da wasanni masu yawa a ƙafarsa.

Mu ma mun ga irin wannan a kan namu. Ahmed Musa ya je Leicester a 2016, ya yi ta zama. Da ya koma CSKA Moscow aro a farkon 2018 ya ci gaba da bugawa, a watan Yuni ya zura wa Iceland biyu a kofin duniya.

Ba ina cewa kowane yaro ya tsaya gida ba. A gasar Sikotilan, daga 1986 zuwa 2025 babu wadda ta ci kofi sai Celtic ko Rangers, kuma su biyun ma matsin neman kofi ba ya barin su su yi haƙuri da yara. Fita dole ce ga mai baiwa. Tambayoyin da ya kamata iyaye da wakilan yaro su yi kafin a sa hannu su ne mutum nawa ne a gabansa a wurin da yake bugawa, shekarunsu nawa, wane irin wasa kocin yake so, kuma in an kori kocin gobe, ƙungiyar za ta kawo mai irin tunaninsa ko kuwa. Brighton tana da amsar waɗannan tambayoyin, Norwich ba ta da ita.

Kuma wannan ma'aunin bai bar Gilmour kansa ba a Napoli. A farkon kakar 2025 zuwa 2026 Lobotka ne dai zaɓin farko a wurinsa, ga André-Frank Anguissa ɗan Kamaru, ga McTominay, a bazarar 2025 kuma aka ƙara da Kevin De Bruyne. Abin da ke gefensa shi ne Lobotka haihuwar 1994 ne, ya girme shi da kusan shekara bakwai, kuma Conte da kansa ne ya nemo shi. Jira irin wannan yana da ma'ana, na kaka ɗaya ko biyu. Idan ya wuce haka yana shiga fili ne kawai ranar da wani ya ji rauni, to ya nemi Bologna ko Atalanta ko wata ƙungiya a Jamus ko Sifaniya da za ta gina tsakiyarta a kansa, ko da albashin bai kai ba, ko da za a sake cewa ya gudu.